Lomar da Asia Ta Bari

"Fito da shi," in ji Baba Abuelgasim. "Na gani."

Ina tsaye a bakin dangar karan da ta raba gidanmu da nasu, riƙe da kwanon miyar da Inna ta ce in miƙa musu. Jikarsa Asia tana zaune gaban tebur, hannunta na hagu a cikin riga. Ƙanenta Elfadil ya daina tauna, kumatunsa a cike, yana kallon kakan. Teburin kuwa tsohon ƙyauren kwano ne aka ɗora a kan jarkoki, aka shimfiɗa masa yankin tsohon mayafi. Tsohon yana tsaye a bayansu cikin farar kwat ɗinsa mai maɓallan ƙarfe, tawul a rataye a hannu, bayansa a miƙe kamar ba a ƙarƙashin rumfar kara yake ba, kamar ƙafafunsa ba cikin baƙin taɓon Gadarif suke ba.

Asia ta ce babu komai a rigar. Ya ce to lallai rigar ce ta yi ciki, sai a aika kiran ungozoma. Elfadil ya tuntsire da dariya har wake ya fito masa ta baki. A hankali ta zaro rabin burodi, ya jiƙe da gumi, ya lanƙwashe da siffar haƙarƙarinta. Bai yi mata faɗa ba. Ya karɓa a kan tawul da hannu biyu, ya ajiye a faranti gabanta, ya ɗan rusuna.

"Ya ustaza, a gidan abincinmu mutum ba ya satar abinsa."

A ƙarshen shekarar da yaƙi ya tashi suka zo mana. Shi asalin ɗan unguwarmu ne. Kakanninsa da namu tare suka yada zango a garin nan a hanyarsu ta zuwa Makka, ba su ƙarasa ba. Ya tafi Khartum yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana sufraji, wato mai kai wa manya abinci tebur, a wani gidan abinci a bakin kogin Nilu. Da Khartum ta kama da wuta suka gudu Madani. Da Madani ta faɗi suka kamo hanya da ƙafa, shi da surukarsa Ummusalama da yaran biyu. Ɗansa Harisu, uban yaran, ya juya neman mota, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Abin da tsohon ya tsira da shi ke nan: kwat ɗin da ke jikinsa, da 'yan cokula a aljihu.

Ban san abin da yaran suka gani a hanya ba, Ummusalama ba ta faɗa. Amma na ga yadda suke cin abinci. Elfadil ƙarami ne, ya manta da wuri. Asia, mai shekara shida, ba ta manta ba. Da hannu biyu take ci, ba ta tauna, idonta a kan hannun na kusa da ita. Ana tsintar burodi a ƙarƙashin matashinta, cikin takalmi, cikin jinkar bukka. Wata rana a takiyya, inda ake dafa wa 'yan gudun hijira adas, wani ɗan ƙaramin wake, a manyan tukwane, ta ciji wata mata a hannu don ta ga kamar za ta rigaya ta ludayi. Washegari tsohon ya wanke kwat ɗinsa, ya goge ta da gindin buta mai zafi, ya buɗe abin da Inna ta raɗa wa suna otel ɗin maƙwabta.

Ummusalama tana fita tun da safe sayar da shayi a tasha, ni kuma jami'armu a rufe take, ba ni da aiki sai juya littattafan da na riga na karanta. Sai na zama mai kallo, daga baya na zama mai zuba ruwan wanke hannu. Wani lokaci a siniya ɗaya, wato babban tire, yake zuba musu, irin cin gida: a yi bisimilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa, ba a kallon lomar wani. Wani lokaci kuma a faranti, da cokali da mai yatsu, a miƙe baya, a rufe baki, in an gama a jera cokulan biyu gefe da gefe. Yana kiran Elfadil sa'adat al-mudir, wato mai girma manaja, yana tambayarsa ko ranka ya daɗe zai ƙara ruwan sanyi, alhali ruwan jarka ne mai ɗumi kamar na wanka. Ummusalama in ta dawo ta tarar da su, sai ta ce yaran da ke bin layin takiyya ake koya wa cokali mai yatsu, adas ɗin za su soka da shi? Ni ya taɓa ba amsa, ba tare da na tambaya ba, muna wanke faranti. Ya ce ba cokalin ne ya dame shi ba. So yake yarinyar nan ta yarda cewa in ta ɗauke ido daga abinci, abincin ba zai gudu ba.

Don haka ya kafa musu doka guda da ta fi sauran: lomar baƙo. Duk abin da aka ci, komai ƙanƙantarsa, sai a bar loma ɗaya don wanda zai iya yin sallama. Shi kuma sai ya rufe ta da faifai, ya bar ta a kan tebur inda kowa ke gani. In magariba ta yi baƙo bai zo ba, ta mai ita ce. Da farko da kuka ake raba Asia da lomar. Takan zauna gaban faifan ta tsare shi kamar mai gadi, ko wasa ba ta zuwa. Daga baya ta koma leƙawa: ta tafi, ta dawo da gudu, ta ɗaga faifai, ta sauke. Kullum lomar tana nan. Wata rana ta tambaye shi ko Babanta ma baƙo ne. Ya daɗe yana gyara tawul a hannunsa kafin ya ce shi ne ma babban baƙo. Tun daga ranar lomar ta ƙara girma.

Ya yi musu alkawari: ranar da Asia ta wuce faifan nan tun daga hantsi har magariba ba ta ɗaga ba, zai kai su gidan abinci na gaske a kasuwa, su zauna a kan kujeru, wani daban ya tsaya a bayansu.

Damina ta yi nisa kafin in lura cewa ban taɓa ganinsa yana ci ba. Yaran sun sha cewa Jiddo, haka suke kiran kakan nasu, zo mu ci, yakan ce haram, sufraji ba ya zama da baƙi, so kuke mai gida ya kore ni? Mu duka mun ɗauka girman sana'a ne, ko kuma rabonsa yake bar wa jikoki, har Inna tana ƙara ludayi a kwanonsu saboda shi. Sai wata rana na zaga bayan bukkarsu neman kazarmu, na tarar da shi a durƙushe da kofin kunu da ya tsinke kamar ruwa. Ya kurɓa, ya ɗaga kai sama, ya daɗe yana kokawa da shi, jijiyoyin wuyansa a tashe, sannan ya dawo ta hanci da baki. Ya gan ni. Ya goge gemu da tawul ɗin nan nasa.

Ya ce wani abu ne ya tsiro masa a maƙogwaro tun kafin yaƙi. A Madani ake gasa masa shi da na'ura, to Madani kuwa na san abin da ya same ta. Surukarsa ta san yana ciwo, ba ta san ƙofar ta kusa rufewa ba. Na fashe da kuka, na ce sai mun nemi hanya, a kai shi Bortsudan, a kai shi Masar, a kai shi ko'ina. Ya bar ni na gama lissafa garuruwa.

"Zahra'u, ya bitti, 'yata," ya ce, "kada yarinyar nan ta ga mutum da abinci a gabansa ya kasa ci. Ta ga isasshe."

Ni da nake tsammanin na san baƙin ciki saboda na karanta shi da yawa, ranar na koma gida na kasa haɗiye ko ruwa.

Kwat ɗin ta fara yi masa yawa. Ya matsar da maɓallan da kansa, ya sake matsarwa. Daga tsayuwa a miƙe ya koma dafa ginshiƙin rumfa, yana cewa ginshiƙin ne ke neman faɗuwa yake tare shi. Ana fara yankan riɗi, manyan motoci na kwasar ma'aikata zuwa gonakin Fashaga, wata Laraba Asia ta shagala da 'yar tsanar karan da na yi mata. Aka kira magariba. Ta tsaya cak, ta kalli faifan, ta kalli kakanta. Shi kuwa tun la'asar yake zaune yana kallonta ta wutsiyar ido, ko motsin kirki ba ya yi.

"Gobe," in ji shi, muryarsa a dishe. "A wanke wa ustaza rigarta."

Ummusalama ta ce ba za ta bar tukunyar shayinta don wasan yara ba, amma ita ta kitse wa Asia kai, ta shafa wa Elfadil mai har yana ƙyalli. Ni na raka su, don a samu mai riƙe tsohon. Bai sa kwat ba. Jallabiya ya sa da rawani, ya ce yau shi baƙo ne. Muka hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, Elfadil yana gaida duk wanda muka wuce.

Ba wani babban wuri ba ne: tebura na roba, fanka ɗaya da ke juyawa in an kawo wuta, famfon wanke hannu a waje, ƙanshin soyayyen nama da hayaƙin gawayi. Amma yaran sun tsaya a ƙofa kamar an kawo su fada. Suka wanke hannu. Suka zauna, baya a miƙe. Mai kawo abincin wani dattijo ne mai jajayen idanu, da jin harshensa shi ma daga Jazira, yankin su Madani, ya gudo, shi kaɗai yake zagaya teburan duka. Baba Abuelgasim ya bi shi da ido, ya raɗa mini cewa yana riƙe tire kamar mai ɗauke da bulo, amma ƙafarsa tana da sauri, da an ba shi shi wata guda da ya gyaru.

Aka kawo shinkafa da nama da salatin gauta da burodi mai zafi, shi kuma aka kawo masa romo. Asia ta yi bisimilla a fili. Ta ɗauki cokali a dama. Tana tauna, bakinta a rufe, idonta a kan farantinta ita kaɗai. Na kalli tsohon, na kau da kai don kada in fara kuka. Da ta kusa gamawa, ta zaɓi yankan naman da ya fi kowanne girma ta tura shi gefen faranti, ta ƙara masa shinkafa, ta gyara shi da bayan cokali. Sannan ta lura da kwanon romon da bai ragu ba.

"Jiddo, yau ba kai ne sufraji ba. Ci."

Ya ce romon da zafi. Ta taɓa kwanon ta ce ya huce. Ya ce ya ƙoshi da kallonsu. Elfadil ya ce mai gida ba zai kore shi ba, ai ba a gida ake ba. Suka zuba masa ido su biyu. Ya ɗauki cokali, ya ɗebo, ya yi bisimilla, ya kai baki da kyau kamar yadda ya koya musu. Na ga wuyansa ya motsa sau ɗaya, ya tsaya. Ya sa hannu a baki, ya miƙe, ya ce musu da ido yana zuwa. Na bi shi zuwa famfo, na tare shi da jikina don kada su hango. Mun ɗan jima a can. Abin da ya fito ba romo kaɗai ba ne, na buɗe ruwa ya wanke jan kafin ya gani, ko da yake na san ya gani.

Da muka dawo teburin a share yake, an goge shi har yana sheƙi. Asia tana zaune yadda muka bar ta, hannuwanta a cinya. Ta jera cokulanta gefe da gefe yadda aka koya mata, mai kawo abinci ya gani, ya kwashe. Bokitin da ake kankare saura a ciki yana bakin ƙofar kicin, wata kyanwa ta ɗora ƙafafu a bakinsa.

"Ina lomar baƙo?" ta tambaya. Ba ni take tambaya ba.

Dattijon mai kawo abincin ya zo yana cewa malesh, malesh, a yi haƙuri, ya ɗauka an gama, ai ya ga cokula a jere. Ya ruga ya kawo burodi biyu masu zafi, ya ce kyauta ne ga 'yar kirki. Asia ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta kalli bokitin, ta kalli kakanta, ta kai hannu biyu ta wawuri burodin ta cusa a riga, ta rungume ƙirjinta a kai duk da zafinsa, idonta na bin hannun kowa a wurin.

A raksha Elfadil ya yi ta surutu har ya gaji ya yi barci. Mun kusa gida tsohon ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Rayuwata duka ina kwashe faranti in na ga cokula a jere. Ni na koya mata. Ban gaya mata abin da ake yi da saura ba."

Na ce za mu sake farawa, ai ta iya sau ɗaya, za ta sake iyawa. Ya ce damina guda cur aka ɗauka kafin ta iya.

Washegari ya sa kwat, amma ya kasa kaiwa rumfa. Muka fito masa da gadonsa na igiya ƙarƙashinta, ya kwanta yana fuskantar tebur. Ya miƙa mini tawul ya ce in tsaya a bayansu. Na tsaya. Na ce tafaddali ya ustaza, wato bisimilla ranki ya daɗe, muryar ba ta yi kama ba. Asia ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta cinye komai, ta suɗe farantin da yatsa. Faifan yana jingine a jikin jarka, ko kallonsa ba ta yi. Haka washegari. Haka duk ranar da ta biyo.

Ummusalama ta daina fita. Yanzu ta san komai, tana jiƙa auduga tana ɗiga masa ruwa a leɓe, tana yi masa faɗa a hankali kan ɓoyewar da ya yi, tana cewa ita wa ya bar wa yaran nan, ɗansa ya tafi shi ma zai tafi. Maƙwabta suna shigowa suna fita. Wani ya kawo rubutu, ba ta inda zai wuce.

Ranar Juma'a da hantsi, bayan yaran sun karya sun fita ƙofar gida, ya motsa yatsa. Muka sunkuya. Tambaya yake ko ta bari.

"Ta bari, Baba," in ji Ummusalama.

Ya ce a kawo ya gani. Ta tashi ta zaga bayan rumfa, ta dawo da gutsuren burodi a faranti, rufe da faifai. Ta ɗaga masa. Ya daɗe yana kallo. Gutsuren a yanke yake tsaf, babu gurbin ƙananan yatsu a jikinsa. Ya kalli surukarsa, ya lumshe ido kamar mai godiya, ya ce a rufe. Kafin a yi kiran farko ya cika, fuskarsa tana kallon teburin.

Aka kai shi bayan sallar Juma'a, mutane da yawa, har waɗanda ba su san shi ba. Aka kafa rumfar makoki a titi. Kamar yadda muka saba, kowane gida ya aiko da siniyarsa, samari na ɗauke da su a ka suna tsallake kwata, kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa da wake da burodi, abincin da gidan nan bai taɓa gani ba tun zuwansu. Mata suna shigowa, a ɗaga hannu a yi fatiha, a rungumi Ummusalama a yi kuka. Aka zaunar da Asia a siniyar manya. Ta nemi buta ta wanke hannu. Ta yi bisimilla, ta ci gabanta da dama, baki a rufe, baya a miƙe. Wata tsohuwa ta ce masha Allah, dubi tarbiyya, wa ya koya wa yarinyar nan? Inna ta rufe fuska da mayafi. Ni ina zaune ta hagunta, ni kaɗai nake ganin ɗaya hannun, yana sauka yana hawa ƙarƙashin riga.

Bayan an nannaɗe tabarmin makoki, Ummusalama ta ce in shiga bukkar in tattara kayansa a ba mabukata, ita ba za ta iya ba. Ba wasu kaya ba ne. Jallabiya, rawani, takalman roba, cokulan a naɗe cikin tawul. Kwat ɗin tana rataye a ƙusa jikin ginshiƙi, maɓallanta a matse kusa da juna. Na kai hannu zan sauke ta, na ji ta da nauyi. Aljihunanta biyu sun kumbura da gutsattsarin burodi, na ƙasa sun bushe, na sama da sauran laushi. Ban san ko ɓoyewa take yi ba, ko ajiye masa.

A waje na ji Ummusalama tana ɗaure jarkokin teburin za ta je ɗiban ruwa, ƙyauren kwanon ya faɗi ƙasa da ƙara. Na janye hannuna na bar kwat ɗin a inda take. Hasken rana yana shigowa ta ɓular jinka, ya sauka a kan farar kafaɗarta, tururuwa kuma sun jeru tun daga ƙasa, suna hawa ginshiƙin a hankali.